Yadda ake gane damfara da yabon bogi a gasar sarauniyar kyau ta intanet

Buɗe gasar kyau a intanet ba ya cin komai. Mutum ɗaya mai waya ɗaya zai iya ƙirƙiro shafi a Instagram da safe, ya laƙaba masa suna mai daɗin ji, ya sayi mabiya da rana, kafin magariba ya fara karɓar kuɗin fom daga hannun 'yan mata. Akwai gasannin gaskiya, akwai kuma waɗanda babu komai a bayansu sai lambar asusu. A ido duk kamarsu ɗaya: kambu mai walƙiya, alkawarin mota ko miliyoyin naira, da tarin mutane a ƙasa suna ta zuba yabo.

Na saba yi wa ƙannena da 'ya'yan 'yan'uwa da ƙawaye masu sana'ar kwalliya wannan binciken kafin su saki kuɗinsu, kuma ga hanyar da nake bi. Tana aiki ga gasar sarauniyar kyau, da gasar kwalliyar Sallah, da ta masu hijabi, har da gasar hotunan jarirai da iyaye mata ke shiga. Batun ko ya dace ki shiga ko bai dace ba, wannan tsakaninki ne da iyayenki ko mijinki. Abin da ya dame ni, 'yar'uwa, kada a ci kuɗinki, kada kuma a riƙe hotonki a yi ta juya ki da shi.

Abin da za ki tanada

Waya mai isasshen data, domin za ki buɗe shafuka da yawa. Manhajar Google Lens ko shafin TinEye, don bin asalin hoto. Manhajar bankinki, wadda za ki duba sunan mai asusu da ita kawai. Littafi da biro. Sai babban mutum ɗaya da kika amince da shi, yaya ko inna ko goggo, wanda zai ga duk abin da kika gani. Na ƙarshe, haƙurin kwana biyu ko uku.

Idan wayarki ba ta ɗaukar Google Lens, buɗe hoton a Chrome, ki danne shi na ɗan lokaci, zaɓin nema da hoto zai fito. Idan ma wayar ƙarama ce ƙwarai, ari ta wani a gida ko ki je kafe, amma kada ki shiga asusunki na banki a na'urar da ba taki ba.

1. Adana komai kafin ki ce uffan

Ɗauki sikirinshot na sanarwar gasar, da jerin kyaututtuka, da ranar rufewa, da lambar asusu, da lambobin waya, da sunan shafin harafi da harafi. Rubuta kwanan watan a littafinki. Masu damfara suna yawan goge rubutu da sauya sharuɗɗa, kuma ranar da shafin ya ɓace, abin da kika adana shi ne kaɗai hujjarki. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne fara hira da su tun kafin a yi bincike. Da zarar kin aika sallama, sun samu lambarki, sai matsi ya fara: «saura gurbi uku», «yau da sha biyun dare za mu rufe». Gasar da ba za ta jira ki kwana biyu ba, bar ta ta wuce.

2. Tono tarihin shafin

A Instagram, shiga shafin ki taɓa ɗigo ukun da ke sama, ki zaɓi «About this account». Zai nuna miki watan da aka buɗe asusun, da ƙasar da yake, da ko an taɓa sauya masa suna. A Facebook kuma ki nemi «Page transparency», wanda ke nuna ranar ƙirƙira da sunayen da shafin ya taɓa amsawa. Idan suna cewa wannan ne karo na biyar na gasar, alhali shafin bai cika wata huɗu ba, lissafi bai fita ba. Haka idan shafin da na sayar da takalma ne ko na barkwanci, sai kwatsam ya koma na gasar kyau: saye aka yi tare da mabiyansa.

Gangara har ƙasa ki ga hoton farko da aka ɗora. Gasar da ta daɗe tana da tsofaffin hotuna marasa kyau sosai, da bidiyon bikin bara, da fuskokin da ke maimaituwa shekara bayan shekara.

Kada shuɗin makin nan na tantancewa da ke gefen sunan shafi ya ruɗe ki. Tun 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya fara ba da shi ga masu biyan kuɗin wata, haka ma a X. Yana iya nuna cewa an duba takardar shaidar mai asusun, amma ba ya nuna cewa zai cika alkawari.

3. Nemo sunan mutum da na kamfani

Gasar hoto ba sabon abu ba ce a Najeriya. Miss Nigeria ma da hotuna ta fara a 1957, ana aika su ga jaridar Daily Times, kuma Grace Oyelude ce ta fara lashewa. Amma kowa ya san ofishin jaridar a Legas, ya san inda zai je idan an cuce shi. Ita ma gasar Most Beautiful Girl in Nigeria (MBGN), wadda aka fara da wannan suna a 1986, an san kamfanin Silverbird ne ke bayanta. Wannan shi ne abin da za ki nema: wa ke da gasar, ina ofishinsa?

Tambayi sunan kamfanin da lambar rajistarsa, wadda kan fara da RC ko BN, sannan ki duba a shafin bincike na hukumar CAC mai rajistar kamfanoni. Kyauta ne. Ki tabbata sunan ya fito daidai, kuma shekarar rajista ta dace da abin da suke iƙirari. Sai dai rajista ba takardar shaidar gaskiya ba ce. Ɓarawo ma yana iya yin ta, yana kuma iya aron lambar kamfanin wasu. Amfaninta shi ne ta ba ki sunan da za ki gwada da na asusun banki a mataki na shida.

Idan sun ce su wakilan wata babbar gasa ce a Arewa, ko su ne ke tura 'yan takara Miss World ko Miss Universe, kada ki bi linkin da suka ba ki. Rubuta sunan babbar gasar da kanki a Google, ki shiga shafinta na ainihi, ki tambaya ko sun san waɗannan mutane. Ki kuma sa ido kan rubutun sunan, domin ƙarin ɗigo ɗaya ko harafi ɗaya ya isa a kwaikwayi shafi.

4. Tace yabon

Nan ne aikin yake, domin yabo shi ne ke karya zuciyar mai shakka. Kin san yadda ake yi a wasu tashoshin mota: a zaunar da 'yan kamasho a kujeru kamar fasinjoji, ki leƙa ki ga mota ta kusa cika ki biya, kina zama su fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Masu sharhin bogi aikinsu ke nan.

Fara da gwada yawan mabiya da yawan motsi. Shafi mai mabiya 80,000 amma hoto ya kwana biyu da laik 40, mabiyan nan na saye ne. Akasin haka ma abin zargi ne: ƙaramin shafi da sharhi ɗari uku suka sauko masa cikin minti goma, daga nan shiru.

Sai ki zaɓi masu yabo goma, ki buɗe shafin kowannensu. Abin da nake yawan tararwa shi ne asusu mai hoto ɗaya ko biyu, yana bin mutum dubu biyar, mutum goma sha ke bin sa, sunansa na ƙarewa da jerin lambobi. Wani lokaci za ki ga sunayen mutanen Indiya ko Turkiyya ko Brazil suna yabon gasar da aka ce a Kaduna za a yi. Karanta kalmomin kuma da kyau. Mai yabon gaske yana faɗin abu takamaimai: otal ɗin da aka sauke su, alƙalin da ya yi mata tambaya mai wuya, jinkirin da aka samu kafin a biya ta. Na bogi ba ya wuce «gaskiya kuna da amana», «na samu nawa, na gode», da jerin zukata. Idan mutum biyar sun yi kuskuren rubutu iri ɗaya a kalma ɗaya, hannu ɗaya ne ya rubuta.

Rashin ƙorafi gaba ɗaya shi ma alama ce. Babu gasar da za a yi, ɗaruruwa su faɗi mutum ɗaya ta ci, a ce ba wadda ta yi gunaguni. Idan komai fes yake, ana sharewa ne. Ki gwada su: rubuta a bainar jama'a, «Don Allah wa ta ci bara, kuma a wane zaure aka yi bikin?» Ki ɗauki sikirinshot, ki dawo da yamma. Masu gaskiya za su amsa a wurin, har da alfahari. Idan an goge tambayar, ko an ce ki zo inbos, ko an toshe ki, kin samu amsarki.

Hotunan alat na banki da na hirar WhatsApp da suke ɗorawa, ki ɗauke su tamkar babu. Yaro ma zai iya haɗa su. Hoton «waɗanda suka ci» kuwa, saka shi a Google Lens. Sau da yawa za ki tarar amarya ce daga wani biki, ko mai tallan kaya daga Ghana ko Kenya, ko ma fuskar da ƙirƙirarriyar basira ta zana, wadda za ki gane ta wurin yatsu, ko ɗan kunnen da bai yi daidai da ɗan'uwansa ba, ko rubutun bango da ba ya karantuwa.

Saura bidiyon fitattun mutane, wanda shi ya fi kama 'yan matanmu. Jarumar Kannywood ko tauraruwar TikTok ta fito ta ce ku shiga, sai a ɗauka ta bincika. Mafi yawan irin wannan talla ce da aka biya, kuma mai yin ta ba lallai ta san masu gasar ba. Dokar 2022 ta ARCON, hukumar da ke kula da tallace-tallace, ta ce a tantance talla kafin a sake ta, amma a soshiyal midiya ba kowa ke bi ba. Ki duba abu biyu: shin bidiyon yana kan shafin jarumar na ainihi, kuma shin ta ambaci sunan gasar da bakinta? Akwai masu yanko tsohuwar gaisuwa su ɗora mata wata murya. Kalli leɓɓanta ki ga ko suna tafiya da maganar.

Daga nan ki fita daga shafin nasu gaba ɗaya. Rubuta sunan gasar a Google da X da TikTok da dandalin tattaunawa na Nairaland, ki haɗa da kalmar «scam» ko «damfara». Ki nemi lambar wayarsu da lambar asusun su ma, kowacce ita kaɗai. Suna sauya sunan gasa cikin sauƙi, amma sukan daɗe da lamba ɗaya.

5. Nemo sarauniyar bara da kanki

Da za a ce in zaɓi mataki ɗaya tak, wannan zan zaɓa. Gasar gaskiya tana barin sawu. Lokacin da Shatu Garko, 'yar Kano mai shekara 18, ta lashe Miss Nigeria a Legas a watan Disamban 2021, ta zama mai hijabi ta farko da ta ɗauki kambun, jaridu da gidajen rediyo sun ɗauka, an san kyautar naira miliyan 10 ce da mota, an yi ta muhawara a kai. Ƙaramar gasa ba za ta yi wannan amo ba, amma dole a samu mace mai rai, mai suna, mai shafin da ya girmi gasar, wadda ƙawayenta suka taya murna a ranar.

Ki same ta ta hanyarki. Lambar da masu gasar suka ba ki tana iya zama wayarsu ta biyu. Ki gaishe ta da ladabi, ki yi mata tambayoyi gajeru: an ba ki kyautar duka? Bayan wata nawa? Nawa kika kashe daga fom zuwa ƙarshe? Akwai abin da aka nema wanda ba ya cikin sanarwa? Idan da hali ku yi magana ta murya ko ta bidiyo. Ki kuma nemi ɗaya daga cikin waɗanda ba su ci ba, domin ita ba ta da dalilin rufa musu asiri.

Idan gasar sabuwa ce, babu sarauniyar bara, sai nauyin ya koma kan masu shiryawa. Su wane ne da sunayensu da fuskokinsu, wane taro suka taɓa shiryawa, wa ya san su a garin? Sabuwar gasa, masu ita a ɓoye, kyauta kuma ta miliyoyi: ni ba na barin nawa su shiga.

6. Bi sawun kuɗin

Karɓar kuɗin fom kaɗai ba ya nuna damfara, manyan gasanni ma suna karɓa. Abin dubawa shi ne inda kuɗin ke zuwa da yadda yake ƙaruwa.

Buɗe manhajar bankinki, saka lambar asusun kamar za ki tura, ki tsaya da zarar suna ya fito. Ya kamata ya zama sunan kamfanin da kika gani a CAC. Idan sunan wani mutum ne daban, ko yau wannan asusu gobe wancan, ko an ce ki kai wa wani mai POS, ki ja da baya. Biya ta kamfanonin karɓar kuɗi a intanet irin su Paystack ko Flutterwave ya fi, domin za ki samu risit da sunan mai karɓa, amma shi ma bai wanke su ba.

Ki nemi jerin duk kuɗin da za a biya a rubuce tun farko. Salon 'yan damfara shi ne ɗan kaɗan-kaɗan: fom, sai kuɗin tantancewa, sai na riga, sai na ɗaukar hoto, kowanne da hujjar cewa kin riga kin yi nisa. Mafi muni shi ne a ce kin ci, amma ki biya kuɗin haraji ko na kawo mota kafin a saki kyautar. Wadda ta ci ba ta biyan kuɗi don ta karɓa. Wannan zamba ce irin wadda dokar 2006 kan damfarar kuɗin kafin alƙalami ta haramta.

Ƙuri'ar kuɗi kuma, ki yi lissafinta a littafinki. A ce ƙuri'a naira 100 ce, 'yan takara 300, kowacce ta tara naira 20,000 daga dangi da ƙawaye. Naira miliyan 6 ke nan, kyautar da aka yi alkawari kuwa miliyan 1. Ko da sun biya, kin ga wa ya ci riba. Ki tambaya: ƙuri'a kashi nawa ce cikin ɗari na sakamako, alƙalai nawa? Ana ganin allon ƙuri'u a fili? Ki ɗauki hotonsa safe da dare. Idan ana ta ɗage ranar rufewa, ko kullum ana shelar garaɓasar ninki biyu, tatsa ake yi. Ki kuma tuntuɓi 'yan takara biyu ko uku ku gwada saƙonninku. Ba abin mamaki ba ne ku tarar an aika wa kowaccenku cewa saura mata ƙuri'a hamsin ta kamo ta ɗaya.

7. Kira zauren taro da masu ɗaukar nauyi

Wannan ba ya cin minti goma. Nemo lambar otal ɗin ko zauren daga Google, ki tambaya ko an kama wuri da sunan gasar a ranar da aka faɗa. Kamfanonin da aka jera tambarinsu a fosta, aika wa biyu daga ciki saƙo a shafinsu na ainihi. Kowa na iya kwafo tambari ya manna ba da sanin masu shi ba.

8. Abubuwan da ba a bayarwa ko da gasar ta gaskiya ce

Lambar BVN, lambobin katin ATM, kalmar sirri, da duk wata lamba da ta shigo wayarki ta tes. Akwai tsohuwar dabara da har yanzu take ci: saƙo ya zo daga wata da kika sani, «don Allah ki zaɓi 'yata a wannan gasa», ki latsa linki, a nemi lambar wayarki, sannan a nemi lambobi shida da WhatsApp ya turo miki. Kina bayarwa asusunki ya tafi, su ci gaba da roƙon kuɗi da sunanki. Ita ma wadda ta turo miki, nata aka fara ƙwacewa. Ki kira ta ki ji muryarta, ki kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Instagram tun yau.

Sai hoto. Babu gasar kirki da za ta nemi hoton tsiraici ko na kayan ciki ta inbos da sunan auna jiki, ko ta ce ki cire kaya a kiran bidiyo, ko da muryar mace ce ke magana. A watan Yulin 2024 Meta ta sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu alaƙa da karɓar kuɗi ta barazanar fallasa hotuna. Masu wannan aiki sun san yarinyar Arewa takan shiga gasa ba da sanin gida ba, kuma wannan ɓoyon shi ne makaminsu. Shi ya sa na sa babban mutum cikin kayan aiki tun farko.

Idan an kira ki tantancewa, ya zama da rana, a wurin da jama'a ke shiga, kuma ki tafi da wani. Idan kyautar aikin talla ce a ƙasar waje, kada ki miƙa wa kowa fasfonki, ki fara tuntuɓar hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, wadda ke da ofisoshi a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Yarjejeniya kuma a karanta ta gaba ɗaya, musamman sashen da ya ce har tsawon wane lokaci za su yi amfani da hotonki. Idan babu halin lauya, a kai wa wani mai ilimi a dangi.

9. Idan an riga an faɗa

Daina turawa nan take, ko da sun ce biya ɗaya ya rage a dawo miki da komai. Kira bankinki a ranar, ko ki je reshe da risit da sikirinshot, ki nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa a riƙe kuɗin. Sa'o'in farko su ne masu amfani, domin ana kwashe kuɗin da wuri. Ki karɓi lambar ƙorafi. Idan bankin ya yi shiru, sai ki kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Ki kai rahoto ga EFCC, wadda ke da ofisoshi a Kano, Kaduna, Sakkwato, Gombe da Maiduguri, ko ga cibiyar 'yan sanda mai yaƙi da laifukan intanet. Idan gasar ta gudana amma an hana kyauta, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye na karɓar irin wannan ƙorafi. Ki tattaro sauran waɗanda aka cuta ku shigar tare, an fi saurin sauraron taro. Ki yi hattara da masu zuwa daga baya su ce za su ƙwato miki kuɗinki idan kin biya wani abu, sau da yawa su ɗin ne dai.

Idan da hoto ake miki barazana, kada ki biya, domin biya na farko ne ke jawo na biyu. Kada ki goge hirar. Faɗa wa babban nan da kika amince da shi a daren, ki kai rahoton asusun ga manhajar, sannan ki toshe shi. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan irin wannan barazana, kuma mai yin ta shi ne mai laifi a gaban shari'a. Wadda ta kai shekara 18 lokacin da aka ɗauki hoton ta shiga shafin StopNCII.org, wadda ba ta kai ba a lokacin ta shiga shafin Take It Down. Dukansu kyauta ne, kuma hoton ba ya barin wayarki: wata lamba ta musamman ake cirowa daga jikinsa a raba wa kamfanonin da ke cikin tsarin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, don su gane shi su tare idan wani ya yi yunƙurin ɗorawa.